Me ya sa suwic ba ya faɗa wa maƙwabcinsa adireshin kafar da suka haɗu a kanta?

Tambaya: Muna da suwic-suwic na kamfanoni uku a cibiyarmu, duk na kunna musu LLDP, ƙa'idar da na'ura ke gabatar da kanta ga maƙwabciyarta ta kowace kafa, wato wurin da ake soka waya. Na rubuta ɗan shiri da zai riƙa karanta bayanin maƙwabta, ya ɗauko adireshin IP na ɗaya bakin kowace waya, don in huta da rubuta maƙwabtan BGP, ƙa'idar da na'urori ke musayar hanyoyin fakiti da ita, da hannu. Sai na tarar wani suwic yana ba ni adireshin kafarsa ta gudanarwa, wani na lufbak, wato adireshin na'urar kanta da ba ya kan wata kafa ta zahiri, na ukun kuma adireshin MAC kawai, wato lambar da aka ƙera kayan sadarwar da ita. Ba an ce LLDP ƙa'ida ce ta bai-ɗaya ba? Wanne ne ya saɓa mata, kuma akwai hanyar da kowa ya amince da ita ta musayar adireshin kafa?

Amsa: Ɗan'uwa, babu wanda ya saɓa a cikin ukun. Kowannensu ya amsa tambayar da LLDP ta yi masa, kai kuma wata tambaya daban kake nema a amsa maka. Gurbin da shirinka ke karantawa sunansa adireshin gudanarwa, kuma abin da yake nufi shi ne: in kana son ka shiga wannan na'ura ka duba ta ko ka saita ta, ga inda za ka same ta. Bai taɓa nufin adireshin da ke zaune a kan wannan kafa ba. Kamar ka tambayi mutum lambar ƙofar da yake tsaye a bakinta ne, shi kuwa ya ba ka lambar wayar mai gidan. Bai yi ƙarya ba, amma ba za ta yi maka amfanin da kake so ba.

Don ka gane inda giɓin yake, sai mun buɗe firam ɗin LLDP, wato ƙunshin saƙon da take turawa a kan waya, mun duba cikinsa. Hukumar IEEE ce ta fitar da ita a 2005 da lamba 802.1AB, ta sabunta ta a 2009 da 2016. Kafin nan kowane kamfani da tasa: Cisco na da CDP tun 1994, Extreme na da EDP, Foundry na da FDP, Nortel ma na da tata, kuma babu mai jin yaren wani. Aikin LLDP ba shi da yawa. Duk sakan 30 suwic zai tura firam ɗaya ta kowace kafa zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:0E, da lambar nau'i 0x88CC. Suwic ɗin da ya karɓa ba ya miƙa shi gaba, ajiyewa yake yi a teburinsa na tsawon sakan 120 ko kusa da haka, in bai sake jin komai ba ya goge. Ba tambaya, ba amsa, ba tabbatar da cewa saƙo ya isa. Kowa shelarsa yake yi.

Cikin firam ɗin jerin gurabu ne da ake kira TLV, kowanne da lambar nau'i, da tsawo, da abin da ya ɗauko. Uku ne kawai dole: shaidar na'ura, shaidar kafa, da tsawon lokacin da za a riƙe bayanin. Sunan na'ura, bayaninta, bayanin kafa, irin ayyukan da take iya yi, da adireshin gudanarwa mai lamba 8, duk zaɓi ne. Wannan na 8 ɗin yana ɗauke da nau'in adireshi bisa lambobin IANA, hukumar da ke rajistar lambobin ƙa'idojin intanet, 1 na IPv4, 2 na IPv6, 6 na MAC, sai adireshin kansa, sai lambar kafar da adireshin ke kai. Lura da kyau: lambar kafar da adireshin gudanarwar yake kai ce, ba lallai ta zama kafar da firam ɗin ya fito ta cikinta ba. Ƙa'idar ta yarda a sa wannan gurbi fiye da sau ɗaya a firam guda, ta kuma ce in na'ura ba ta da adireshin gudanarwa sai ta ba da MAC. Suwic ɗinka na uku ke nan. Ko dai ba shi da abin da ya ɗauka a matsayin adireshin gudanarwa, ko ba a gaya masa wanne zai shelanta ba.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne hujjar da ke nuna cewa ba don aikinka aka yi gurbin ba: babu wurin rubuta girman rukuni a cikinsa, wato lambar nan da ke biyo bayan adireshi, /24 ko /31 ko /64. Adireshin kafa ba tare da girman rukuninsa ba rabin bayani ne. In maƙwabcinka ya ce maka 10.0.0.1, ba ka da yadda za ka san ko ku biyun a rukuni ɗaya kuke. Mai son shiga na'ura daga nesa ta SSH ko SNMP ba ya buƙatar wannan lamba, shi ya sa masu tsara gurbin ba su sa ta ba.

Wani zai ce ai gurbin shaidar kafa yana da nau'i na 4, wanda ke ba da damar a yi amfani da adireshin sadarwa a matsayin shaida. Haka ne, amma shaida ce, suna ne na rarrabe kafa da 'yar'uwarta, guda ɗaya tak ake sawa, kuma da wuya ka ga suwic ya zaɓe shi. Yawancinsu sunan kafa suke sawa, nau'i na 5, wasu MAC, nau'i na 3, wasu kuma wata lamba tasu ta cikin gida, nau'i na 7. Wannan ma zai ciji shirinka nan gaba in ba ka duba nau'in kafin ka karanta abin da ke ciki ba.

Abin mamaki, CDP da ta girme ta ta fi ta kusa da abin da kake so. Tana da gurbin adireshin na'ura daban, da na adireshin gudanarwa daban, har da na rukunonin IP, wanda Cisco ta gina wata 'yar hanyar musayar hanyoyi a kansa mai suna ODR. Mutane da yawa da suka saba da CDP sun ɗauka LLDP kwafinta ce da kowa ya yarda da shi, sai suka zo da tsammanin da ba a yi musu alkawarinsa ba.

To me ya sa aka yi shekaru ba wanda ya damu? Saboda masu buƙatar wannan bayani sun riga sun tanadi hanyarsu. OSPF da IS-IS ƙa'idoji ne na musayar hanyoyi a cikin cibiya ɗaya. OSPF na tura gaisuwarta ta kowace kafa, adireshin kafar ne tushen fakitin, kuma a OSPFv2 girman rukuni na cikin gaisuwar. IS-IS ma ba ta hau kan IP ba sam, kai tsaye take tafiya a kan Itanet (Ethernet), tana ɗauke da adireshin kafa a gurbi na 132 don IPv4 da na 232 don IPv6. Wanda ya san adireshin IP yana neman MAC kuwa yana da ARP tun 1982, ko ƙa'idar gano maƙwabci ta IPv6. BGP kuwa ba ta da irin wannan gaisuwa. A kan TCP take tafiya, tashar 179, kuma ba ka buɗe TCP da wanda ba ka san adireshinsa ba. Wannan bai zama matsala ba a lokacin da BGP ta tsaya tsakanin kamfanonin intanet, inda kowane maƙwabci sai an yi yarjejeniya da shi tukuna, mutum ya zauna ya rubuta adireshin da hannu.

Abin ya sauya da manyan cibiyoyin bayanai suka shigo da BGP cikin gida, tsarin da RFC 7938 ta bayyana a 2016. Ɗauki misali ƙarami: suwic 4 a sama, 48 a ƙasa, kowane na ƙasa ya haɗu da kowane na sama. Waya 192 ke nan, baki 384, kowane baki da adireshinsa, da adireshin maƙwabci, da lambar AS ɗinsa, wato lambar da BGP ke gane kowane ɓangare da ita. An rage ɓarnar adireshi da /31 na RFC 3021 da /127 na RFC 6164, amma ba a rage rubutun ba. In ma'aikaci ya sauya wayoyi biyu da juna, fitilu za su kama, LLDP za ta ga maƙwabci, BGP kuwa ba za ta tashi ba har sai wani ya zo ya binciko dalili. Daga nan ne buƙatar da kake ji ta zama ta kowa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai ɗauka maganin shi ne a ƙara gurbi ɗaya, a sa masa adireshi da girman rukuni, shi ke nan. Tsara siffar gurbin aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci shi ne a yarda kan ma'anar "adireshin wannan kafa", domin a suwic na zamani maganar ba ta da amsa ɗaya.

LLDP a kan kafar zahiri take aiki, wadda ake soka wa waya. Adireshin IP kuwa sau da yawa ba a nan yake zaune ba. In ka ɗaure kafofi huɗu suka zama ɗaya bisa 802.1AX, kowace cikin huɗun tana tura nata firam, amma adireshin na kan ɗaurin ne. Shin duka huɗun za su shelanta shi, ko ɗaya, kuma in wannan ɗayar ta faɗi fa? In kafar na ɗauke da VLAN hamsin, wato ƙananan cibiyoyi keɓaɓɓu da ke bi ta waya ɗaya, kowace da adireshinta, firam ɗin LLDP guda ne kuma a al'ada ba ya ɗauke da alamar VLAN, don haka dole kowane adireshi ya zo da bayanin VLAN ɗin da yake ciki. In na'urar ta raba teburin hanyoyinta kashi-kashi da VRF, adireshi iri ɗaya zai iya bayyana sau biyu a kafa ɗaya da ma'ana biyu. Ga adireshi na biyu da na uku da ake ƙara wa kafa. Ga na VRRP wanda na'urori biyu ke rabawa, yau yana wurin wannan gobe yana wurin wancan, kuma in ka buɗe BGP da shi ka ɗebo wa kanka rigima. A IPv6 kuwa samun adireshi da yawa a kafa ɗaya shi ne asali: akwai na fe80 da ba ya ƙetare waya, akwai na duniya, akwai wanda ake kan gwada ko wani ya riga ya ɗauka, akwai wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Ƙa'idar da ba ta faɗi wanne za a shelanta da wanne za a ɓoye ba, za ta maido mu inda kake yanzu: kamfanoni uku, amsa uku, kuma kowanne na da gaskiya.

A ganina wannan ne darasin gurbi na 8. An daidaita siffarsa sosai, har kowace na'ura na iya karanta na kowace, amma an bar wa kamfani zaɓin abin da zai zuba a ciki. Irin wannan rabin daidaito ya fi rashin daidaito haɗari ga mai rubuta shiri, domin a ɗakin gwaji da na'urorin kamfani ɗaya komai zai tafi lafiya, sai ranar da aka shigo da na wani kamfani abin ya watse ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Sai matsalar wuri. Kan kowane TLV bit 16 ne, 7 na nau'i, 9 na tsawo, don haka gurbi ba ya wuce bayit 511. Gurbi na 127, wanda aka ware wa ƙungiyoyi su sa nasu, yana cinye bayit 4 a shaidar ƙungiya da ƙaramin nau'i, saura 507. In ka ba kowane adireshin IPv6 bayit 16, ka ƙara ɗaya na girman rukuni da ɗaya na alamomi, adireshi 28 ne za su shiga, kuma ba ka sa lambar VLAN ba tukuna. Kana iya maimaita gurbin, amma a LLDP ta asali dole komai ya shiga firam ɗaya, bayit 1500, kuma kowane sabon firam yana share na baya ne gaba ɗaya, ba ƙari yake yi a kansa ba. Wurin ma ba naka ba ne kai kaɗai. LLDP-MED ta wayoyin tarho, wadda ƙungiyar masana'antun sadarwa ta TIA ta fitar a 2006, tana ciki, bayanin wutar da ake turawa ta waya yana ciki, sunayen VLAN da DCBX, wadda na'urorin cibiyar bayanai ke daidaita saiti da ita, duk suna ciki.

IEEE ta magance wannan ɓangaren a 2021 da gyaran 802.1ABdh. Firam na farko yana nan yadda yake, tsohuwar na'ura za ta karanta shi ba matsala, amma an ƙara masa jerin sunayen wasu firam na ƙari, kuma maƙwabcin da ya iya sabon tsarin zai roƙi wanda bai da shi ko wanda ya sauya. Wannan ne karon farko da tambaya da amsa suka shiga LLDP. Kafin ka dogara da shi ka duba takardun kowane suwic naka, domin fitowar gyara a takarda daban, isowarsa cikin manhajar na'ura daban.

Lokaci ma abin dubawa ne. Bayanin da zai iya kwana sakan 120 bayan ya daina zama gaskiya ya isa zana taswirar wayoyi, bai isa a gina hanyar fakiti a kansa ba. Bugun 2009 ya ƙara saurin turawa idan an ga sabon maƙwabci ko wani abu ya sauya, kuma na'ura na iya tura firam mai wa'adin sifili ta ce a manta da ita. Duk da haka ba ta san ko an ji ta ba. Sanin ko waya na raye cikin ƙasa da sakan ɗaya aikin BFD ne, RFC 5880, kada ka ɗora wa LLDP shi.

Akwai kuma maganar wa ke da hurumi. LLDP ta IEEE ce, IP da BGP na IETF ne, hukumar da ke fitar da takardun RFC. Bayanin mataki na uku, wato IP, ake so a ɗora a motar mataki na biyu, wato Itanet, kowace hukuma kuma tana taka-tsantsan da shiga gonar ɗayar. Ƙofar da ke tsakaninsu ita ce gurbi na 127 ɗin nan. IANA na da tata shaidar ƙungiya, 00-00-5E, don haka IETF na iya ayyana gurbinta a cikin LLDP ba tare da ta taɓa ainihin ƙa'idar ba. An riga an yi hakan: RFC 8520 ta 2019 ta bi ta nan don ƙananan na'urori su shelanta inda bayanin masu ƙera su yake. A rukunin aiki na IDR, mai kula da BGP a IETF, an kawo daftarin da ke son a bi wannan hanya a shelanta adireshin da za a buɗe BGP da shi da lambar AS. A wani rukunin na IETF mai suna LSVR kuma an bi wata hanya dabam, aka rubuta daftarin sabuwar ƙa'ida mai suna L3DL, wadda Randy Bush na cikin marubutanta. Ita tana buɗe zama tsakanin baki biyu na waya, ana tabbatar da isar kowane saƙo, ana musayar adireshin IPv4 da IPv6 tare da girman rukuni da alamar wanne ne babba, wanne ne lufbak, ana kuma iya janye adireshi guda ba tare da an sake jero sauran ba. Dalilin rubuta ta shi ne dai iyakokin LLDP da na lissafa maka. Masu goyon bayan LLDP kuwa hujjarsu mai ƙarfi ce: tana cikin kusan kowane suwic da sabar da ke aiki yau, sabuwar ƙa'ida kuma sai ta shekara da shekaru kafin ta kai haka. Ga wanda ke da na'urorin kamfanoni uku a gabansa, daftari ba abin ginawa a kai ba ne sai ya ga dukkan ukun sun sa shi a manhajarsu.

Yayin da ake wannan muhawara, masu aiki sun zagaye matsalar ta wata hanya, kuma ita zan fara ba ka shawara ka gwada. Maimakon a nemi adireshin kafa, sai a daina ba kafar adireshi da hannu. Duk kafar da aka kunna wa IPv6 tana ƙirƙira wa kanta adireshin fe80. Rauta kuma, wato na'urar da ke zaɓa wa fakiti hanya, kamar suwic ɗin nan naka, tana tura sanarwar kasancewarta bisa RFC 4861, daga wannan adireshin. Suwic ɗin da ke ɗaya bakin ya ji sanarwar, ya san adireshin maƙwabcinsa, ya buɗe BGP da shi. A saiti sunan kafa kawai kake rubutawa. A manhajar rauta ta FRR, misali, layi ɗaya ne ke cewa maƙwabci yana kan kafa kaza kuma AS ɗinsa na waje ne, ba ka ma rubuta lambar. Hanyoyin IPv4 kuma suna bi ta wannan zaman da adireshin IPv6 a matsayin zango na gaba, abin da RFC 5549 ta halatta a 2009, RFC 8950 ta maye gurbinta a 2020. Cumulus Linux ce ta yaɗa wannan salo, yau manyan kamfanoni da dama sun iya shi. In aka sauya wayoyi biyu da juna, zaman zai tashi duk da haka.

Ba kyauta ba ce. Tazarar sanarwar a asali tana iya kai sakan 600, sai an rage ta zuwa 'yan sakanni, in ba haka ba za ka zauna jiran maƙwabci. Tana aiki ne inda na'ura biyu kawai ke kan waya. Ba za ka iya gwada kafar daga nesa ba tunda adireshinta ba ya ƙetare wayar, kuma mai bin sawun fakiti zai ga adireshin lufbak ne a kowane zango, ba zai san ta wace kafa aka shiga ba. RFC 7404 ta tattauna riba da hasarar wannan tsari, RFC 5837 kuma ta ƙara wa ICMP, saƙonnin da mai bin sawun ke karɓa, hanyar faɗin kafar, ga na'urar da ta iya. Abin da ya fi shafarka shi ne, guntayen ƙa'idojin kowanne a rubuce yake, amma haɗa su wuri ɗaya don gano maƙwabcin BGP al'ada ce da ta bazu. Inda kamfanoni suka fi saɓawa shi ne yadda ake rubuta zango na gaba idan adireshin fe80 kaɗai ake da shi, a bayit 16 ko a 32. Ka haɗa kowane biyu daga cikin ukunka a tebur, ka tabbatar hanyoyin IPv4 sun shiga teburin turawa, ba wai zaman ya tashi kawai ba.

In kuwa dole ne kafofinka su kasance da adireshi, saboda tsarin sa ido ko wata doka ta wurin aikinku, to ka raba aikin gida biyu, ka bar kowace ƙa'ida ta yi abin da ta iya. LLDP ta gaya maka wace na'ura ce a ɗaya bakin da kuma wace kafa. Adireshin gudanarwar da ka raina ɗazu, yanzu ga ranarsa: da shi shirinka zai shiga na'urar ya tambaye ta adireshin wannan kafar. Wannan tambayar kuwa an daɗe da daidaita amsarta. A SNMP akwai teburin adireshi na RFC 4293, haɗe da teburin kafofi na RFC 2863. A YANG, harshen tsara bayanan saitin na'ura, akwai RFC 8343 na kafofi da RFC 8344 na IP, dukansu na 2018, suna ba ka adireshi, girman rukuni, asalinsa, da halin da yake ciki, ta NETCONF. Samfuran OpenConfig ma na yin wannan ta gNMI, har da teburin maƙwabtan LLDP, kuma IEEE ta fitar da nata samfurin YANG na LLDP a 802.1ABcu. A nan za ka ga ɗaurin kafofi da VLAN da VRF kowanne a mazauninsa, abin da firam ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Kafin wannan ya yi aiki sai ka gyara abu biyu a saitin dukkan suwic ɗin. Ka tilasta wa kowanne ya shelanta adireshin gudanarwa iri ɗaya, ko duka lufbak ko duka kafar gudanarwa, yawancinsu suna da umarnin yin haka. Ka kuma sa shaidar kafa ta zama sunan kafa inda na'urar ta yarda. Inda ba ta yarda ba, ka yi hattara da lambar ifIndex, wadda na'ura ke ba kowace kafa a SNMP, don a wasu na'urori tana iya sauyawa bayan an sake kunnawa in ba a kulle ta ba. A ɓangaren sabar kuma, wasu katunan sadarwa suna da nasu wakilin LLDP a cikin katin, yana haɗiye firam kafin ya kai ga lldpd, manhajar LLDP ta sabar, sai ka ga tebur fayau alhali suwic na turawa. Ana kashe shi a saitin katin.

Na sha ganin ana cusa adireshi cikin gurbin bayanin kafa, a rubuta shi a matsayin rubutu, shiri ya tsinto. Yana aiki, amma abin da mutum ya rubuta ne yake yawo, ba abin da ke kan kafar ba. Ranar da aka sauya adireshi aka manta da bayanin, shirin zai gina maƙwabci a kan tsohon labari. In har kana da wurin da ka rubuta yadda cibiyar ya kamata ta kasance, gara adireshi ya fito daga can zuwa na'urori, LLDP kuma ta zama mai duba ko wayoyin sun dace da abin da aka rubuta.

Maganar tsaro ba ta gefe ba ce a nan, domin shirinka zai ɗauki mataki ne a kan abin da ya ji. LLDP ba ta da wata hanyar tantance mai magana. Duk wanda ya soka kwamfuta a kafa zai iya ƙirƙirar firam ya ce shi ne suwic kaza, adireshinsa kaza. Muddin taswira kawai ake zanawa, ɓarnar ba ta wuce taswira ta yi ƙarya ba. Amma idan shiri zai buɗe BGP, ko ya shiga "adireshin gudanarwa" da kalmar sirrin cibiya, to firam ɗin ƙarya ya zama hanyar karkatar da fakiti ko sace kalmar sirrin. Don haka shirin ya yi aiki a kan kafofin da ka ayyana na tsakanin suwic da suwic kawai, ya ƙi duk adireshin da ba ya cikin rukunin gudanarwarka, ya kuma gwada shaidar na'ura da jerin na'urorin da ka sani. MACsec, wato 802.1AE, mai kare firam a kan waya, da kalmar sirri ko TCP-AO, mai tantance saƙonnin TCP, a kan zaman BGP suna ƙara kariya. A kafofin da ke fuskantar masu amfani ko wani kamfani, ka rage abin da ake shelantawa, musamman bayanin na'ura da ke faɗin nau'in manhaja da bugunta. Karɓa ma na da haɗari: a 2020 masu bincike na Armis sun bayyana raunuka biyar a yadda wasu na'urorin Cisco ke karanta CDP, waɗanda firam ɗaya daga maƙwabci ya isa ya tayar da su. Kafar da ba ta buƙatar jin maƙwabci, ka kashe mata karɓar LLDP da CDP duka.